Burauza Na Buɗewa, pip Ya Ƙi Sauke Komai: Yadda Za Ka Kamo Furoksin Da Ya Ɓuya A Kwamfutarka

Saura kwana huɗu a fara difens ɗin furojet a sashenmu, wani abokin karatuna ya shigo ɗakinmu da laftof a hammata, ido ya yi ja saboda rashin barci. Ko zama bai yi ba ya ce, "Mutumina, don Allah duba min abin nan, tun jiya da la'asar nake fama da shi." Sufabaizansa ya ce ya ƙara shafin da zai riƙa fitar da rahoto a PDF, kuma hakan na buƙatar ya sauke wani ƙunshin Python guda ɗaya tak. Da ya rubuta pip install sai abin ya tsaya yana juyi, ya zubo rubutu mai launin rawaya, daga ƙarshe ya rufe da jan layi. Ya sake sayen data, ya canza layi, ya cire Python ya mayar. Har wani mai gyara a bakin get ya ce masa babu makawa sai an yi wa kwamfutar fomat. Duk wannan kuwa YouTube na buɗewa lafiya lau, WhatsApp ma haka.

Ba mu yi minti goma ba muka gano bakin zaren. Lokacin da yake SIWES a wani ofis, jami'in da ke kula da kwamfutocinsu ya sa masa adireshin furoksin ofishin don ya samu intanet. Ya gama, ya dawo makaranta, adireshin na nan zaune a cikin na'urar. Pip kuma yana ta ƙwanƙwasa ƙofar wata na'ura da ke can cikin ofishin, a wani gari daban. Layi biyu muka goge, komai ya dawo daidai. Da ya bi shawarar fomat, da sai ya kwana biyu yana sake girka kayan aiki, kuma Allah kaɗai ya san fayil nawa zai rasa a hanya.

Tun daga ranar na lura matsalar ta yi yawa a tsakaninmu, musamman 'yan Kimiyyar Kwamfuta da Injiniyan Lantarki da 'yan Lissafi da Ƙididdiga da ke amfani da Python ko R. Shi ya sa na ga ya dace a baje ta a nan kowa ya gani.

Mene ne furoksi?

Ka ɗauki misalin gidan da aka hana yara fita kasuwa. Duk mai son sayen wani abu sai ya ba ɗan aiken gidan, shi ya je ya sayo ya kawo. To furoksi ɗan aike ne tsakanin kwamfutarka da intanet. Maimakon manhajarka ta tafi kai tsaye wurin sabar da take nema, sai ta miƙa buƙatarta ga furoksi, shi ya nemo ya kawo mata.

Ofisoshi da bankuna da manyan makarantu suna kafa shi saboda dalilai sanannu. Yana ba su damar sanin wanda ya shiga intanet da kuma toshe shafukan da ba su so. Yana kuma adana abin da aka taɓa saukewa, ta yadda in mutum na biyu ya nemi abu ɗaya ba sai an sake jawo shi daga waje ba. A zamanin da intanet ɗin kafe ke tafiyar hawainiya wannan adanawar ba ƙaramin taimako ta yi ba. Manhajar Squid, wadda ta fito a 1996, har yau tana cikin waɗanda aka fi yin wannan aiki da su.

Adireshin furoksi kashi biyu ne: sunan na'ura ko lambarta, sai lambar ƙofa bayan ɗigo biyu, kamar 10.20.0.5:3128. Lambar ƙofar kan tona asirin mai ita. Squid ya saba zama a 3128. Fiddler yana amfani da 8888, Burp Suite da 'yan harkar tsaron intanet ke koyo da shi yana 8080, Tor yana 9050, apt-cacher-ng kuma 3142.

Furoksi ba abin ƙi ba ne muddin ɗan aiken na nan yana aikinsa. Rikici na farawa ne ranar da ka bar gidan amma manhajarka ta ci gaba da neman ɗan aiken tsohon gida.

Me ya sa burauza ke aiki, pip kuma ya ƙi?

Nan ne mafi yawanmu ke ruɗewa. Muna zaton wuri ɗaya ake saita furoksi a kwamfuta, in an kashe shi shi ke nan. A gaskiya kowace manhaja da inda take leƙawa. Wuraren sun kasu kashi uku.

Na farko shi ne saitin tsarin gaba ɗaya, wato wanda ke cikin Settings na Windows ko na Ubuntu. Chrome da Edge nan suke dubawa. Firefox yana da nasa saitin a cikinsa, ko da yake in ba a taɓa shi ba yana bin na tsarin.

Na biyu wasu bariyebul ne da tsarin ke riƙewa yana miƙa wa duk manhajar da aka buɗe, masu suna http_proxy da https_proxy da all_proxy da no_proxy, da ƙananan baƙaƙe ko manya. Su ne pip da npm da git da curl da wget ke karantawa. Chrome a kan Windows ko kallonsu ba ya yi. Abin da ya faru da abokina ke nan: ya kashe furoksi a Settings tun ranar da ya bar ofishin, burauza ta warware, amma bariyebul ɗin na nan daram.

Na uku fayil ɗin saiti ne na kowace manhaja ita kaɗai. Pip na da nasa, npm na da nasa, haka git da apt da conda da Gradle. Za ka iya share na farko da na biyu tas, amma layi ɗaya a cikin ɗaya daga waɗannan fayilolin ya ci gaba da hana ka sakat.

Daga ina yake shigowa?

Hanya ta farko ita ce wadda na ambata: SIWES, ko aikin shekara ɗaya da muke yi bayan ND. Duk wanda ya haɗa laftof ɗinsa da intanet ɗin wata ma'aikata, akwai yiwuwar ya dawo da tsarabar da bai sani ba.

Ta biyu manhajojin VPN ne da na kauce wa shinge. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da yawa sun girka irin waɗannan manhajoji, ga kuma masu neman burauzin na kyauta da suka daɗe suna yi. Da dama daga cikinsu, irin su Psiphon a kan Windows, yadda suke aiki shi ne su buɗe ƙaramin furoksi a cikin kwamfutarka, su juya saitin tsarin ya koma 127.0.0.1, in ka rufe su kuma su mayar da shi yadda yake. To in wuta ta ɗauke, batir ya mutu, ko ka kashe na'urar da ƙarfi kafin manhajar ta rufe kanta, saitin zai iya maƙalewa a haka.

Ta uku laftof ɗin gwanjo. Yawancin waɗanda muke saye sun yi aiki a kamfanonin Turai ko Amurka. In dillalin bai sake girka Windows ba, saitin tsohon kamfanin kan biyo na'urar. Alamarsa ita ce ka buɗe Settings ka ga an rubuta cewa wata ma'aikata ce ke kula da wasu saitukan, maɓallan kuma sun ƙi taɓuwa.

Ta huɗu mu ne da kanmu. Ka samu matsala, ka nemi magani a intanet, ka kwafo umarnin da wani ya rubuta don ofishinsu ka liƙa ba tare da ka karanta ba. Haka nan wajen girka Ubuntu Server ko Debian akwai matakin da ake tambayarka adireshin furoksi. In ka girka a ɗakin kwamfutar makaranta ka cike gurbin, apt zai riƙe shi har sai ranar da ka cire da hannunka.

Ta biyar ita ce mai haɗari: muguwar manhaja da ta shigo ta cikin wasa ko manhajar sata da ka girka. Zan dawo kanta.

Karanta kuskuren kafin ka taɓa komai

Ɗabi'armu ce mu kalli jan layin ƙarshe kawai. A pip layin ƙarshen yaudara ne. Zai ce:

ERROR: No matching distribution found for django

Sai ka zaci ka yi kuskuren rubuta suna, ko Python ɗinka ya tsufa. Haura sama kaɗan. In ka ga layuka masu farawa da WARNING: Retrying, kuma a cikinsu akwai ProxyError da Cannot connect to proxy, to ka kama ɓarawo. Pip kan sake gwadawa sau biyar kafin ya haƙura, shi ya sa yake daɗewa yana juyi.

Sauran ma kowa da yarensa. Npm zai ce ECONNREFUSED ko ETIMEDOUT tare da wani adireshi. Git zai ce Failed to connect to sannan ya ba da adireshi da lambar ƙofa. Apt zai ce Could not connect to, ko Temporary failure resolving da sunan wata na'ura da ba ta Ubuntu ba.

Adireshin nan da ke cikin kuskuren shi ne babbar shaidarka. In 127.0.0.1 ne ko localhost, kwamfutarka ce da kanta: wata manhaja ce ta zauna a wannan ƙofar a da, yanzu ba ta nan. In ya fara da 10, ko 192.168, ko 172.16 har zuwa 172.31, adireshin cikin gida ne na wata ma'aikata ko makaranta, kuma ba a isa gare shi daga waje, ko da datar shekara guda ka saya. In kuwa ka ga lamba 407 da Proxy Authentication Required, furoksin na nan da ransa, sunanka da kalmar sirri yake nema, ko kuma waɗanda aka ba shi sun daina aiki.

Akwai gwaji mai sauƙi da curl, wanda ke zuwa a cikin Windows 10 tun 2018. A PowerShell ka rubuta curl.exe cikakke, domin a tsohon PowerShell kalmar curl kaɗai wani umarni ne daban:

curl.exe -v https://pypi.org/simple/pip/

In akwai bariyebul ɗin furoksi, a layukan farko zai faɗa maka sunansa da adireshin da ke ciki. Sake gwadawa ka ƙara --noproxy "*" a gaba. In wannan karon ya wuce, intanet ɗinka lafiyarsa ƙalau, furoksi ne ya tare hanya. In kuwa curl ya wuce tun farko ba tare da ya ambaci furoksi ba, amma pip na ci gaba da kuka, to abin na cikin Settings ko cikin fayil ɗin pip, domin curl ba ya karanta waɗannan biyun.

Farauta a Windows

Fara da Settings, ka shiga Network & Internet, sannan Proxy. Dubi wurare biyu: Use a proxy server da Use setup script. In ɗaya a kunne yake da adireshin da ba ka sani ba, rubuta adireshin a takarda tukuna, sannan ka kashe. Wannan wurin ya shafi pip kai tsaye, domin in Python bai samu bariyebul ba yakan leƙa rajistar Windows ya ɗauki furoksin da ke can.

Daga nan buɗe Command Prompt ka rubuta:

set | findstr /i proxy

Duk abin da ya fito, bariyebul ne. Don cire shi ka danna Start ka rubuta environment, ka buɗe tagar Environment Variables. Akwati biyu ne, na sama naka, na ƙasa na kwamfutar baki ɗaya, ka duba duka. Bayan ka goge sai ka rufe taminal ɗin ka buɗe sabo. In a cikin VS Code kake aiki, shi ma ka rufe shi gaba ɗaya. Manhajar da ke buɗe tana riƙe da kwafin da aka ba ta lokacin da ta tashi, ba ta san ka canza komai ba. Mutane da yawa sun gyara matsalarsu daidai, suka gwada a tsohuwar taga, suka ce bai yi ba.

Akwai wuri na uku da Windows Update da wasu ayyukan tsarin ke amfani da shi:

netsh winhttp show proxy

In ya nuna adireshi, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta netsh winhttp reset proxy.

Farauta a Linux

A Ubuntu da 'yan uwansa ka fara da:

env | grep -i proxy

In wani abu ya fito, unset http_proxy https_proxy all_proxy zai cire shi, ka maimaita da manyan baƙaƙe. Amma wannan na taga ɗaya ne kawai, kana buɗe wata zai dawo. Dole ka nemo fayil ɗin da ke dasa shi:

grep -ri proxy /etc/environment /etc/profile.d /etc/apt ~/.bashrc ~/.profile

Zai nuna maka sunan fayil da layin. Buɗe shi, ka sa alamar # a farkon layin maimakon ka goge, don in ka yi kuskure ka iya mayarwa. In a /etc/environment ne, sai ka fita daga asusunka ka sake shiga kafin canjin ya kama.

Apt kuwa sai an yi masa tambaya ta musamman:

apt-config dump | grep -i proxy

In ka ga Acquire::http::Proxy da adireshi, yana cikin /etc/apt/apt.conf ko wani fayil a foldar /etc/apt/apt.conf.d. Abin da ke cikin waɗannan fayilolin ya fi bariyebul ƙarfi a wurin apt, don haka ko ka yi unset sau goma ba zai saurare ka ba.

Ga wani abu kuma da ke rikita masu koyo. Sudo yakan share mafi yawan bariyebul ɗinka kafin ya gudanar da umarni. Shi ya sa za ka ga wget na aiki amma sudo apt update ya ƙi, ko akasin haka, a taga ɗaya. In kana son ganin abin da apt ke gani a ƙarƙashin sudo, rubuta sudo env | grep -i proxy ka kwatanta da na farko.

Maɓoyar kowace manhaja

In ka share tsarin da bariyebul amma manhaja ɗaya ta nace, tambaye ta kai tsaye. Ga pip, pip config list zai nuna saitinsa, pip config debug kuma zai jero duk fayilolin da yake karantawa da inda suke. Cirewa shi ne pip config unset global.proxy. Ka kuma dubi index-url: wasu ofisoshi na da rumbun ƙunshi na cikin gida, su juya pip ya riƙa ɗauko kaya daga can. Wannan ba furoksi ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne.

Ga npm, rubuta npm config get proxy da npm config get https-proxy. In amsar null ce babu komai. In akwai, npm config delete ne maganinsa. Ka tuna fayil ɗin .npmrc na iya zama a foldarka ta gida, yana kuma iya zama a cikin foldar furojet ɗin kanta. In ka karɓi furojet a filash daga hannun wani da ya gama bara, kana iya gadar furoksinsa tare da kod ɗin.

Ga git, umarnin da ya fi amfani shi ne git config --list --show-origin, domin yana nuna kowane saiti da fayil ɗin da ya fito. Cirewa: git config --global --unset http.proxy. Masu Anaconda su rubuta conda config --show-sources su nemi proxy_servers a cikin .condarc.

'Yan Android Studio da Flutter, ku naku ya fi ɓuya. In ka taɓa sa furoksi a saitin Android Studio, yakan nemi ya kwafa shi zuwa fayil ɗin gradle.properties da ke cikin foldar .gradle a gidanka. Daga baya ko ka mayar da saitin zuwa No proxy, layukan da ke farawa da systemProp.http.proxyHost da systemProp.https.proxyHost suna nan, Gradle kuma su yake bi. Sai ka buɗe fayil ɗin ka cire su da hannu.

In furoksin na makaranta ne fa?

Wani lokaci matsalar a juye take: kana kan intanet ɗin ɗakin karatu ko lab, hanyar fita ɗaya ce, ta furoksi, manhajarka kuma ba ta san da shi ba. Burauza na aiki saboda ta ɗauko saitin da kanta ta wani ɗan fayil da ake kira PAC, pip da npm kuwa ba sa karanta irinsa. A nan abin yi shi ne ka je sashen ICT ka tambayi adireshin da ya dace. Kada ka tsaya neman dabarar zagaye shingen makaranta, dokar amfani da intanet ɗin ta hau kanka tun ranar da aka ba ka izinin shiga.

In an ba ka, ka sa shi na wucin gadi, misali pip install --proxy sannan adireshin, ko ka saita bariyebul ɗin a tagar da kake aiki kaɗai. Da ka rufe ta ya tafi, ba zai bi ka gida ba. In kalmar sirrinka na da alamar @, sai ka rubuta %40 a madadinta, in ba haka ba adireshin zai karye a tsakiya. Kuma kada ka kuskura ka rubuta kalmar sirri a .npmrc ko gradle.properties na cikin furojet sannan ka tura shi GitHub, duniya za ta gani.

Masu kama da shi

Abu biyu na yin shigar furoksi. Na farko Wi-Fi mai shafin shiga, wanda sai ka sa suna ko lambar tikiti. Kafin ka shiga, duk abin da apt ya nema shafin shigar ake miƙo masa, sai ya yi ƙorafi da kalmar NOSPLIT, har ya tambaya ko hanyar na buƙatar izini. Buɗe burauza ka shiga tukuna. In ya riga ya adana gurɓatattun fayiloli yana cewa Hash Sum mismatch, ka share abin da ke cikin /var/lib/apt/lists ka sake sudo apt update.

Na biyu agogo. Tsohuwar laftof da ƙaramin batirin cikin allonta ya mutu takan tashi da kwanan watan shekarun baya. Satifiket ɗin shafuka na da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka pip zai ce CERTIFICATE_VERIFY_FAILED, apt kuma ya ce fayil ɗin is not valid yet. Dubi agogon da ke kusurwar allo kafin ka zargi kowa.

Inda abin ya wuce wasa

Duk wanda ke riƙe da furoksin da kake bi yana ganin shafukan da kake zuwa. In kuma ya samu ya dasa satifiket ɗinsa a kwamfutarka, har abin da ke cikin shafukan https zai iya karantawa ya canza. A 2015 an gano wasu laftof ɗin Lenovo sun fito daga masana'anta da manhajar talla mai suna Superfish da ke yin daidai wannan, kamfanin ya fitar da abin cire ta daga baya.

Saboda haka in ka kashe furoksi ya sake kunna kansa, akwai abin da ke mayar da shi. In adireshin 127.0.0.1 ne, rubuta netstat -ano | findstr sannan lambar ƙofar. Lambar ƙarshe a layin ita ce PID, ka neme ta a Task Manager ka ga sunan manhajar. A Linux sudo ss -ltnp ne. In VPN ɗinka ce ko manhajar tsaron da ka sani, to. In baƙuwa ce, ka cire ta, ka yi cikakken bincike da Windows Security, sannan ka canza kalmomin sirrin imel da banki da fotal ɗin makaranta daga wata na'urar daban. A irin wannan yanayin, da kuma laftof ɗin gwanjo da saitinta ke kulle, fomat na da hujja, bayan ka kwashe fayilolinka.

Ka kuma yi hattara da maganin da ake yawan bayarwa in satifiket ya ba da matsala: --trusted-host a pip, strict-ssl false a npm, http.sslVerify false a git. Suna sa kuskuren ya ɓace, gaskiya ne, amma abin da suke yi shi ne su hana manhajar tantance wanda ke miƙo mata kaya. Ƙunshin da ka sauke kod ne da zai gudana a kwamfutarka da ikonka. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Kafin makon difens

Kada ka bari sai daren ƙarshe kake neman sauke abu. Ranar da intanet ke da kyau ka rubuta pip freeze > requirements.txt, sannan pip download -r requirements.txt -d kaya. Foldar kaya za ta ƙunshi duk abin da furojet ɗinka ke buƙata, ka ajiye ta a filash. Duk ranar da hanya ta toshe, pip install --no-index --find-links=kaya -r requirements.txt zai girka su ba tare da intanet ba, muddin Python ɗin da tsarin kwamfutar iri ɗaya ne da inda ka sauke.

Masu shirin tafiya SIWES kuma, duk ranar da jami'in ofis ya karɓi laftof ɗinku don ya haɗa muku intanet, ku tsaya a kansa ku ce, "Yallaɓai, don Allah me da me aka canza?" Ku rubuta a bayan littafin rahotonku. Ranar sallama ku bi jerin ku cire su ɗaya bayan ɗaya kafin ku kama hanyar tasha.

Abokin nawa dai ya yi difens ɗinsa lafiya, rahoton PDF ya fito a gaban malamai. Har yanzu yana bin mai gyaran bakin get kuɗin kafin alƙalamin da ya ba shi.